Me ya sa ruwan da ya ratso ganye ya bambanta da ruwan fili?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a fannin kula da gandun daji. Mun ajiye mazubai biyu na tarar ruwan sama, ɗaya a fili, ɗaya a ƙarƙashin bishiyoyi. Na ƙarƙashin bishiya bai tara ruwa kamar na fili ba, amma da aka auna sai aka tarar ya fi shi fotasiyam da farar wuta, har da ɗan burbushin dalma, naitirojin kuma ya ragu. Shin bishiyoyin ne ke gurɓata ruwan, ko kuwa mu ne muka yi kuskure a awon?

Amsa: Ba ku yi kuskure ba, ɗan'uwa, kuma bishiyoyin ba su gurɓata komai ba. Abin da mazubanku suka nuna shi ne abin da duk wanda ya taɓa wannan aiki yake tararwa. Inda mutane ke ruɗewa shi ne su ɗauki rumfar ganyen daji kamar lema, wato abin da ke tare ruwa kawai ya rage masa ƙarfi. Aikinta ya wuce nan nesa. Rumfar ganye tana tace iska dare da rana, ko ana ruwa ko ba a yi, tana tara abin da ta tace a jikinta, sai ruwan sama ya zo ya wanko shi ƙasa. A cikin wannan wucewa kuma ganyen yana karɓar wasu abubuwa daga ruwan, yana sakar masa wasu. Don haka ruwan da ya ɗiga a mazubinku na ƙarƙashin bishiya kaya uku ya ɗauko: abin da ya sauko daga gajimare, abin da ya kwanta a kan ganye tun bayan ruwan da ya gabata, da abin da ganyen ya fitar daga cikinsa. Duk wahalar wannan fanni a raba ukun nan take.

Ƙarancin ruwan ba shi da wuyar bayani. Ganye da rassa suna jiƙa tukuna kafin su fara ɗiga, kuma wani kaso na wannan ruwan yana komawa sama a matsayin tururi bai taɓa ƙasa ba. A shekara guda abin da ke salwanta ta wannan hanya yakan kama daga kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na ruwan da aka yi, gwargwadon kaurin rumfar da irin ruwan. Yayyafi na ɗan lokaci kusan duk a sama yake ƙarewa. To ka lura da abu ɗaya a nan, domin ɗalibai da yawa suna tuntuɓe a kansa: in ruwa ya ragu gishirin cikinsa bai ragu ba, dole awo ya nuna sinadarin ya yi kauri. Saboda haka kada ku kwatanta kauri da kauri kaɗai. Ku ninka kaurin da yawan ruwan da aka tara, ku fitar da nauyin abin da ya sauka a kowace hekta, sannan ku kwatanta.

Abin da ke cikin iska ta hanya uku yake saukowa. Akwai wanda ruwan sama ko dusar ƙanƙara ke kawowa, wannan kusan daidai yake sauka a kan daji da fili, babu ruwansa da abin da ke ƙasa. Akwai busasshen sauka, wato ƙura da toka da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da iskar gas da ke mannewa a jikin abu ba tare da ruwa ba. Sai na uku, hazon ruwa da gajimaren da ke ratsa daji a kan tsaunuka da bakin teku. Biyun ƙarshe su ne ganye ke mulki a kansu. A daji mai cikakkiyar rumfa, kowace murabba'in mita ta ƙasa tana da murabba'in mita huɗu zuwa takwas na ganye a samanta, ban da rassa da ɓawo. Ga shi kuma saman daji ba sumul yake ba. Iskar da ta taho a miƙe a kan fili, da ta bugi bishiyoyi sai ta karye, ta riƙa juyawa tana kutsawa tsakanin rassa, abin da ta ɗauko yana gogar ganye sau da yawa. Mazubinku na fili bakinsa ɗan tafin hannu ne da ke kallon sama. Ba zai taɓa kama abin da wannan tarin ganye ke kamawa ba.

Wurin da aka fi tabbatar da wannan shi ne dajin Solling a Jamus, inda Bernhard Ulrich na Jami'ar Göttingen da abokan aikinsa suka fara awo tun ƙarshen shekarun 1960. Suna da fili, suna da dajin bic mai faffaɗan ganye da ke kaɗewa lokacin sanyi, suna da dajin sifurus mai ganye kamar allura, duk kusa da juna, iska ɗaya ke bi ta kansu. A shekarun da hayaƙin kwal ya fi yawa, farar wutar da ke isa ƙasa a ƙarƙashin bic ta kai kusan ninki biyu na ta fili, a ƙarƙashin sifurus kuwa ta haura ninki uku. Dalilin bambancin a jikin ganyen yake. Sifurus ba ya tuɓe ganye, yana nan da rumfarsa a watannin sanyi da ake ƙona kwal da yawa. Kuma siririn ganye ya fi faffaɗa kama ƙananan ƙwayoyi, domin kowane ganye yana da wata siririyar iska mai kwanciya a jikinsa da ke zama masa kamar garkuwa, kuma a kan allura wannan garkuwa ba ta da kauri. Haka ganye mai gashi-gashi, ko mai kaushi, ko mai danƙo, ya fi mai santsi riƙe ƙura. Jiƙaƙƙen ganye kuma ya fi busasshe shan gas. Wannan ne ya sa nake ganin duk wanda zai dasa daji kusa da masana'anta ko babbar hanya ya kamata ya san cewa zaɓen irin bishiya zaɓe ne na yawan abin da ƙasar wurin za ta riƙa karɓa shekara da shekaru.

Yanzu mu zo ga sinadaranku ɗaya bayan ɗaya, domin kowanne da hanyarsa.

Farar wutar da kuka gani ta ƙaru, daga iska take. An daɗe ana gardama a kan haka, wasu na cewa ai bishiya ce ke zuƙo ta daga ƙasa ta fitar ta ganye. A shekarun 1980 masu bincike a Oak Ridge da ke Amurka suka zuba farar wuta mai alamar nukiliya a cikin kututturen bishiyoyi, suka bi sawunta, sai suka ga ɗan kaɗan ne kawai ya fito cikin ruwan da ke ɗiga. Mafi yawan ƙarin wanko ne na abin da ya kwanta a kan ganye. Shi ya sa har yau ake ɗaukar farar wutar ruwan ƙarƙashin rumfa a matsayin ma'auni mai kyau na jimillar abin da ya sauka a daji.

Fotasiyam kuwa akasin haka ne. Mafi yawansa na bishiyar ne da kanta. Ba ya cikin ginin jikin ganye, a narke yake cikin ruwan ƙwayoyin halitta, saboda haka da zarar ganye ya jiƙa sai ya riƙa tsiyayowa. Manganis ma haka, sai kalsiyam da maganiziyam da ke bin baya kaɗan-kaɗan. In ka ɗaga kwalbar ƙarƙashin bishiya ka haska ta da rana, za ka ga ruwan ya yi ja-ja kamar jiƙo, alhali ta fili fes take. Wannan launi narkakken sinadarin jikin ganye da ɓawo ne. Yana ƙaruwa lokacin da sabon ganye ke tohowa, da lokacin da tsoho ke shirin kaɗewa, da lokacin da tsutsa ta afka wa daji tana huda ganye tana zubar da kashi. Wannan ba asara ba ce ga dajin. Saiwa ce ta zuƙo, ganye ya saki, saiwa ta sake kamawa, kuma ta wannan gajeriyar hanya fotasiyam yana zagayawa da sauri fiye da jiran ganye ya faɗi ya ruɓe.

To yaya za a san nawa ne na iska, nawa ne na ganye? Dabarar da Ulrich ya kawo, wadda ake amfani da ita har yanzu, ita ce a kama sodiyam a matsayin shaida. Ganyen yawancin bishiyoyi ba ya shan sodiyam, ba ya kuma fitar da shi sosai, don haka duk ƙarin da aka gani a ƙarƙashin rumfa busasshen sauka ne. Ga misali na lissafi kawai. A ce sodiyam na fili 10 ne, na ƙarƙashin bishiya 15. Ke nan rumfa ta ƙara rabin abin da ruwa ya kawo. In fotasiyam na fili 2 ne, abin da ake sa ran iska ta kawo duka 3 ne. In kun auna kun sami 20, to 17 daga cikin ganye ya fito. Dabarar tana da rauni, domin ta ɗauka cewa ƙwayoyin da ke ɗauke da sodiyam da masu ɗauke da fotasiyam girmansu ɗaya, kuma ba kullum haka yake ba. Duk da haka ku sa sodiyam cikin abin da kuke aunawa, in ba haka ba alƙalumanku ba za su rabu ba.

Raguwar naitirojin ita ce ta fi burge ni a sakamakonku. Naitirojin abinci ne da yawancin dazuzzuka ke ƙishirwarsa, kuma rumfa ba ta barin sa ya wuce haka nan. Ganye yana shan amoniya ta ƙofofin numfashinsa da ta fatarsa, sau da yawa yana musanya ta da fotasiyam. Ga kuma gansakuka da ƙwayoyin halitta marasa ganuwa da ke zaune a kan ganye da ɓawo, duk suna cin rabonsu. Saboda haka a inda iska take da tsabta, ruwan ƙarƙashin rumfa yakan fito da naitirojin ƙasa da na fili, kamar yadda kuka gani. A inda iska ta cika da shi kuwa lamarin juyewa yake. A Holan, inda amoniya ke tashi daga takin dabbobin manyan gonaki, dazuzzukan da ke kusa sun riƙa karɓar naitirojin ninkin-ba-ninkin abin da za su iya sarrafawa. Masana a Turai sun daɗe suna sanya iyakar abin da daji ke jurewa tsakanin kilo 10 zuwa 20 a hekta a shekara. In aka zarce, ƙasa tana tsami, ciyawa mai son taki tana danne ƙananan tsirrai, ragowar kuma tana zirarewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Wannan musayar tana da farashi idan ruwan mai asid ne. Ganye yana karɓar asid ɗin ya saki kalsiyam da maganiziyam a madadinsa, ruwan ya iso ƙasa da sauƙin tsami, amma ganyen ne ya biya. A tsaunukan Adirondack da Green Mountains na arewa maso gabashin Amurka, daga shekarun 1960 zuwa 1980, fiye da rabin manyan bishiyoyin jan sifurus na can sama suka mutu. Ruwa ba ya tsami banza. Waɗannan bishiyoyi suna shafe sa'o'i masu yawa a cikin gajimare, kuma ɗigon gajimare ya fi ruwan sama kaurin asid ninki da yawa. Allurar ganyen ta riƙa tsefe wannan ɗigo daga iska, asid ɗin ya riƙa zare kalsiyam daga fatar ƙwayoyin ganyen, ganyen ya rasa juriyar sanyi, hunturu ya zo ya ƙone shi. Iyawar bishiyar wajen kama hazo ita ce ta jawo mata. Irin wannan mutuwar dazuzzuka, musamman a tsaunukan iyakar Jamus da Cek da Folan, tana cikin abin da ya sa aka kafa shirin sa ido a kan dazuzzukan Turai a 1985, a ƙarƙashin yarjejeniyar Jeniba ta 1979 kan gurɓatacciyar iskar da ke tsallaka iyakoki.

Akwai hanyar da mazubanku ba su kama ba sam, ita ce ruwan da ke gangarowa ta jikin kututture. A bishiya mai santsin ɓawo da rassa masu kallon sama, irin bic, rassan suna zama kamar mazurari, su tattara ruwa zuwa gindi. A mai kaushin ɓawo da rassa masu sunkuyawa kusan babu. Ana kama shi ta hanyar tsaga tiyo a tsaye, a naɗe shi a jikin kututture kamar maciji, a liƙe gefensa, a zura ƙarshensa cikin jarka. Ruwan ba shi da yawa, amma mai kauri ne kuma a wuri ɗaya yake zuba, har a dazuzzukan bic na tsakiyar Turai aka riƙa samun ƙasar da ke gindin bishiya ta fi ta 'yan taku kaɗan tsami da tarin ƙarafa.

Dalmar da kuka gani ba daga cikin ganye take ba. Dalma da 'yan'uwanta ƙarafa, kadmiyam da tutiya, suna tafiya ne a jikin ƙananan ƙwayoyin hayaƙi, daga injin mota, matatun ƙarfe, ƙona shara da ƙona kwal, kuma suna iya yin tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin su sauka. Kadmiyam da tutiya suna narkewa da sauƙi, ruwa na wanke su. Dalma takan maƙale a kakin ganye, wani kaso ya wanku, wani ya jira faɗuwar ganyen. Da ta isa ƙasa kuma sai ta kama ruɓaɓɓen ganyen da ke sama ta riƙe gam. A dutsen Camels Hump na jihar Vermont an tarar dalma ta fi taruwa a can sama inda gajimare ke zama, nesa da kowace hanyar mota. An daina sayar da fetur ɗin mota mai dalma a duniya a 2021, Aljeriya ce ta ƙarshe, amma dalmar shekarun baya tana nan a ƙasan dazuzzuka tana nutsewa a hankali. Sai dai kafin ku yanke hukunci kan taku dalmar, ku duba mazubin. In akwai ƙarfe ko fenti a jikinsa, ko ba a wanke kwalbar da ruwan asid ba, to mai yiwuwa daga nan ta fito.

Zaiba ita ce ta fi ban tsoro, kuma ita ce mazubin ruwa ya fi ɓoyewa. Mafi yawanta a iska gas ce, tana iya yin watanni tana yawo. Ganye yana shaƙar ta ta ƙofofin da yake shaƙar iskar da yake haɗa abinci da ita, ta shiga ciki ta zauna, ruwa ba ya wanke ta. Kullum ganye na ƙara kwana tana ƙara taruwa, sai ranar da ya kaɗe ya kai ta ƙasa. A dazuzzuka da yawa zaibar da kaɗaɗɗen ganye ke kawowa ta kai ko ta fi wadda ruwan sama ke kawowa. Shaƙar tana da girman da har ana ganin zaibar iska tana raguwa a arewacin duniya a watannin da bishiyoyi ke cike da ganye. Wani bincike da aka wallafa a 2022 daga yankin Madre de Dios na ƙasar Peru, inda masu haƙar zinariya ke ƙona zaiba, ya nuna cewa tsohon kurmin da ba a taɓa sara ba shi ne ya fi tara ta, ya fi wuraren da aka share, har ta bayyana a jikin tsuntsayen wurin. Wannan yana damuna ƙwarai, domin dajin da aka fi kiyayewa shi ne ya fi ɗaukar gubar, kuma ranar da aka sare shi ko gobara ta ci shi, abin da ya adana zai tashi ko ya gangara kogi, inda yake rikiɗa ya shiga kifi.

Hatsarin nukiliya na Fukushima a Japan ya nuna tasirin lokaci ƙarara. A watan Maris na 2011 abin ya faru, bishiyoyi masu kaɗe ganye ba su riga sun toho ba. A ƙarƙashinsu mafi yawan siziyam, wato sinadarin nukiliyar da hatsarin ya watsa cikin iska, ya wuce kai tsaye zuwa ƙasa. A dazuzzukan da ba sa tuɓe ganye kuwa kaso babba ya fara maƙalewa a sama, ya riƙa saukowa cikin watanni da shekaru ta ruwan ɗiga da faɗuwar ganye.

Kada wannan ya sa ka ɗauka duk abin da rumfa ke kamawa sharri ne. A kurmin da ƙasarsa ta tsufa, ruwa ya wanke ta shekaru aru-aru, iska ce ke ciyar da shi wasu abubuwan. Awon tauraron ɗan'adam na NASA da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 27 na ƙurar Sahara ke sauka a yankin Amazon duk shekara, ɗauke da kusan tan 22,000 na fosfaros, ɗaya daga cikin abincin tsiro, kwatankwacin abin da ruwa ke kwashewa daga yankin. Kwarin Bodele na ƙasar Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, yana cikin manyan wuraren da ƙura ke tashi a duniya, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna hayaƙin gobarar daji daga Afirka ma yana kai nasa kason. Ganye ne ke tare wannan ƙura, ruwa ya sauko da ita wurin saiwa.

Game da aikinku, mazubi ɗaya a ƙarƙashin bishiya bai isa ba. Ruwan ɗiga ba ya sauka daidai. Wani wuri reshe ke zubarwa kamar indararo, taku biyu gaba kuma a bushe. Ku baza aƙalla goma zuwa ashirin a wuraren da kuka zaɓa ba da son rai ba. Ku nisanci bakin daji in cikinsa kuke son aunawa, domin bishiyoyin gaba su iska ke fara bugu, suna kama fiye da na ciki, kuma tasirin yakan shiga ciki har nisan tsawon bishiya kamar biyar. Mazurari da kwalba su zama na roba, a ɗaga su sama da ƙasa don kada feshin laka ya shiga, a sa ɗan raga a maƙogwaron mazurarin, a rufe kwalbar daga hasken rana. Ku riƙa kwashewa duk mako ko ƙasa da haka, domin in ruwan ya daɗe cikin zafi ƙwayoyin halitta za su cinye naitirojin a cikin kwalbar, ku ɗauka rumfa ce ta sha. Duk mazurarin da kuka ga kashin tsuntsu a ciki, ku zubar da ruwansa, zai ɓata muku lissafin fosfaros da naitirojin. Ku kafa ragar tarar busasshen ganye kusa da mazuban, in kuna son sanin labarin zaiba da sauran dalmar. Kuma a littafinku, kusa da kowane awo, ku rubuta kwana nawa aka yi ba ruwa kafin wannan ruwan. Ruwan farko bayan dogon fari shi ke sauko da abin da ganye ya tara na makonni, za ku ga kwalbarsa ta fita daban da ta ruwan da ya biyo bayansa washegari.